Hotunan Prokudin-Gorsky na Daular Rasha

Hotunan Prokudin-Gorsky tarin hotuna ne masu launi da Sergei Mikhailovich Prokudin-Gorsky (1863–1944), masanin sinadarai kuma mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Rasha, ya ɗauka a sassa daban-daban na Daular Rasha a farkon ƙarni na 20. Akasarinsu an ɗauke su ne daga shekarar 1909 zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hotunan sun nuna manoma, ma'aikatan masana'antu, 'yan kasuwa, malaman addini da sarakuna, tare da masallatai, coci-coci, layukan dogo, gadoji da madatsun ruwa, tun daga arewacin Rasha har zuwa tsaunukan Kaukasus da biranen Samarkand da Bukhara a tsakiyar Asiya.

An shirya aikin ne da nufin koya wa 'yan makaranta tarihi da yanayin ƙasarsu. Shekaru kaɗan bayan haka juyin juya halin 1917 ya kawo ƙarshen daular, shi ya sa hotunan suka zama shaida a kan mutane, sana'o'i da gine-ginen da da yawansu suka sauya ko suka ɓace. Mafi yawan abin da ya tsira na tarin yana Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke birnin Washington, wanda ya saye shi a 1948.

Mai ɗaukar hotunan

An haifi Prokudin-Gorsky a ranar 30 ga Agusta, 1863, a ƙauyen Funikova Gora da ke lardin Vladimir, gabas da birnin Mosko, cikin iyalin masu sarauta. Ya yi karatun kimiyya a Saint Petersburg, babban birnin daular a wancan lokaci. A 1890 ya auri 'yar wani mai masana'antar narka ƙarfe a garin Gatchina, kuma ya yi aiki a kamfanin surukin nasa. A 1898 ya shiga sashen ɗaukar hoto na Ƙungiyar Fasaha ta Daular Rasha, sannan a 1901 ya buɗe shagon hoto da ɗakin gwaje-gwaje a Saint Petersburg.

A 1902 ya tafi birnin Berlin na Jamus, inda ya yi 'yan makonni yana koyon ɗaukar hoto mai launi a wurin Adolf Miethe, wanda shi ne kan gaba a wannan fanni a lokacin. Da ya dawo gida ya ci gaba da gwaje-gwaje a kan sinadaran da ke sa farantin hoto ya karɓi kowane launi yadda ya kamata. Daga 1906 ya zama editan wata mujallar masu ɗaukar hoto, inda yake buga bayanai a kan fasahar da kuma wasu daga cikin hotunansa.

Sunansa ya bazu a 1908, lokacin da ya ɗauki hoton marubuci Leo Tolstoy a gidansa na Yasnaya Polyana, a shekarar da marubucin ya cika shekara 80. An buga hoton da yawa, aka sayar da shi a matsayin kati da kuma hoton rataya a bango.

Yadda aka ɗauki hotunan

A zamanin Prokudin-Gorsky babu fim mai launi irin wanda aka sani daga baya. Hanyar da ya bi ta dogara ne a kan cewa ana iya samar da kusan kowane launi da ido ke gani ta hanyar haɗa haske ja, kore da shuɗi. Masanin kimiyya James Clerk Maxwell ne ya fara nuna wannan a aikace a birnin Landan a 1861.

Kyamarar da aka yi amfani da ita tana ɗaukar dogon farantin gilashi mai faɗin kimanin santimita 9 da tsawon kimanin santimita 24. Ana ɗaukar abu guda sau uku a jere: na farko ta cikin gilashi shuɗi, na biyu ta cikin kore, na uku ta cikin ja. Bayan kowace ɗauka farantin yana zamewa ƙasa, don haka hotuna uku ke fitowa a kansa, ɗaya a kan ɗaya. Dukkan ukun baƙi da fari ne, sai dai kowanne ya riƙe adadin haske na launi guda. Idan mutum yana sanye da jar riga, alal misali, rigar za ta ba da haske sosai a hoton da aka ɗauka ta jan gilashi, ta yi duhu a sauran biyun.

Launin yana bayyana ne a lokacin nunawa. Ana sa hotunan uku a majigi mai ido uku, kowane ido da gilashin launinsa, a haska su a kan farin allo har su hau kan juna daidai. A nan ne mai kallo yake ganin hoto guda mai cikakken launi. Ana kuma iya buga hoton a takarda, amma aikin yana da wahala da tsada, don haka kaɗan ne aka buga a lokacin rayuwarsa.

Wannan hanya tana da iyaka. Ɗauka ukun suna cin daƙiƙu da dama, kuma duk abin da ya motsa a tsakani yana barin alama. Ruwa mai gudu, hayaƙin masana'anta, gajimare, ko yaron da ya juya kai, duk suna fitowa da gefuna masu ja, kore ko shuɗi. Dalili ke nan da ya sa mutanen da ke cikin hotunan suke tsaye ko zaune cik, suna duban kyamara. A 1907 kamfanin 'yan'uwan Lumière na Faransa ya fito da farantin Autochrome, wanda ke ɗaukar launi a ɗauka guda. Prokudin-Gorsky ya gwada shi, amma ya ci gaba da tsohuwar hanyarsa domin ta fi ba da haske a majigi, kuma ana iya yin kwafi daga gare ta.

Goyon bayan sarki da tafiye-tafiye

A 1909 Prokudin-Gorsky ya nuna hotunansa ga Sarki Nikolas na Biyu da iyalinsa a fadar Tsarskoye Selo, kusa da Saint Petersburg. Ya gabatar da shirin zagaya daular don ɗaukar duk abin da ke da muhimmanci, ta yadda za a riƙa nuna hotunan a makarantu. Daular tana da faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan 22, kuma ƙidayar 1897 ta samu mutane fiye da miliyan 125 masu harsuna da addinai daban-daban. Yaron da ke karatu a Mosko ba shi da hanyar ganin yadda ake rayuwa a Samarkand ko a gaɓar Bahar Aswad.

Sarkin ya amince. An ba shi taragon jirgin ƙasa na musamman da aka shirya masa ɗakin wanke hoto a ciki, da ƙaramin jirgin ruwa don bin koguna, da takardun izini da suka umarci jami'an gwamnati su taimaka masa har a wuraren da ba a barin kowa ya shiga. Kuɗin kayan aiki kuwa shi ya riƙa ɗauka. An yi maganar gwamnati ta sayi tarin, amma cinikin bai tabbata ba.

Tun kafin wannan ya riga ya yi wasu tafiye-tafiye. A watan Janairu 1907 ya bi ayarin masana zuwa Turkistan don kallon kusufin rana. Gajimare ya hana ganin kusufin, amma ya dawo da hotunan Samarkand da Bukhara. Manyan tafiye-tafiyen da suka biyo bayan ganawarsa da sarki su ne:

1909: hanyar ruwa ta Mariinsky da yankin masana'antu na tsaunukan Ural.
1910: kogin Volga tun daga mafarinsa, da kuma komawa Ural.
1911: Turkistan, da wuraren da aka gwabza yaƙi da Napoleon a 1812, ciki har da filin Borodino.
1912: Kaukasus, ayyukan madatsun ruwa a kogin Oka, da yammacin Saberiya har zuwa Tobolsk.
Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya: sabon layin dogo na Murmansk a arewa mai nisa.

Masana'antu da sufuri

Kaso mai yawa na hotunan ya shafi hanyoyin sufuri, domin ma'aikatar sufuri ce ta ba da tarago da jirgi. Hanyar ruwa ta Mariinsky, wadda aka buɗe a 1810, ta haɗa kogin Volga da Saint Petersburg ta koguna, tafkuna da magudanan da aka haƙa, kuma ta nan ake kai hatsi da katako zuwa babban birni. Hotunan 1909 sun nuna ƙofofin ruwa na katako, jiragen dakon kaya, gungumen itace da aka ɗaure ana turawa a kan ruwa, da ma'aikatan da ke kula da hanyar. Ɗaya daga cikin sanannun hotunan na wani dattijo ne mai kula da ƙofar ruwa, wanda bayanin da ke ƙarƙashin hoton ya ce shekarunsa 84, kuma ya yi shekara 66 a bakin aiki.

A tsaunukan Ural, inda masana'antar ƙarfe ta Rasha ta kafu tun ƙarni na 18, ya ɗauki mahaƙar tama ta Bakal, inda ake ganin iyali suna aiki da shebur da keken doki. Ya ɗauki masu zubin ƙarfe a Kasli, garin da ya shahara da kayan ado na baƙin ƙarfe, da kuma masana'antar makamai ta Zlatoust, wadda ta yi suna wajen ƙera takubba. A Zlatoust akwai hoton kaka da ɗansa da jikarsa. Kakan yana sanye da doguwar riga ta gargajiya da gemu, ɗan da jikar kuma suna cikin tufafi irin na Turai.

A Turkistan hotunan sun nuna yadda daular ke faɗaɗa noman auduga. Akwai injinan gurzar auduga a Bayram-Ali, cikin gandun sarki na Murgab, da manyan injinan wutar lantarki, ƙirar birnin Budapest, a tashar Hindukush da ke kan kogin Murgab, a ƙasar Turkmenistan ta yau. A Chakva, kusa da Batumi a Jojiya, ya ɗauki gonakin shayi, da matan Girkawa masu tsinkar ganye, da wani ƙwararre ɗan ƙasar Sin da ke jagorantar sarrafa shayin. A layin dogo na Murmansk kuwa, wanda aka shimfiɗa cikin gaggawa don kai kayan yaƙi daga tashar ruwan da ba ta daskarewa, akwai hoton fursunonin yaƙi 'yan Daular Austriya da Hangari a gaban barikinsu na katako.

Mutane da rayuwar yau da kullum

Mafi yawan mutanen daular manoma ne, kuma shekara hamsin kacal ke nan da soke tsarin bautar gona a 1861. Hotunan karkara sun nuna masu yankan ciyawa suna hutawa a gona, masunta, mata masu kaɗi, yara zaune a kan tudu kusa da coci, da gidajen katako masu rufin ciyawa ko allo. Wani hoto da ya shahara ya nuna 'yan mata uku a bakin kogin Sheksna, kusa da garin Kirillov, suna riƙe da faranti na 'ya'yan itacen daji, sanye da riguna masu launi mai ƙarfi. Irin wannan hoto ya nuna abin da hoton baƙi da fari ba ya iya nunawa, wato kalar yadin da talakawa ke sawa da irin fentin da suke yi wa gidaje da coci-coci.

Tarin ya ƙunshi al'ummomi da yawa waɗanda ba Rashawa ba: Bashkirawa a Ural, mutanen Dagestan cikin tufafinsu da wuƙaƙensu, Armeniyawa a Artvin da ke Turkiyya a yau, makiyaya a filayen tsakiyar Asiya, Turkmenawa da raƙumansu, da yaran Yahudawa tare da malaminsu a Samarkand.

Samarkand da Bukhara

Rasha ta ci Tashkent a 1865 da Samarkand a 1868. Masarautun Bukhara da Khiva sun ci gaba da zama da sarakunansu, amma a ƙarƙashin kariyar Rasha. Hotunan wannan yanki suna cikin waɗanda aka fi yaɗawa. A Samarkand ya ɗauki makarantun dandalin Registan, masallacin Bibi-Khanym, kabarin Timur da ake kira Gur-e Amir, da hubbarorin Shah-i-Zinda, duk kafin manyan gyare-gyaren da aka yi musu a ƙarni na 20. Ana ganin bangaye sun tsage, ado na tayil shuɗi ya zube a wurare da dama. A kasuwa akwai mai sayar da yadi zaune a rumfarsa tsakanin atamfofi da siliki, da masu sayar da 'ya'yan itace, da mai gasa nama, da mai sayar da ruwa.

A Bukhara, garin haihuwar Imam Bukhari, ya ɗauki hoton Sarki Muhammad Alim Khan a 1911, jim kaɗan bayan hawansa gadon sarauta. Sarkin yana zaune cikin shuɗiyar alkyabba mai zanen furanni, da farin rawani, da takobi a hannu. Shi ne sarkin Bukhara na ƙarshe. Sojojin Bolshebik sun kore shi a 1920, ya gudu Afganistan, ya rasu a Kabul a 1944. A garin kuma akwai hotunan jami'an fada, ɗaliban makarantun addini, da gidan yari inda ake ganin fursunoni a bayan ƙarafa, wasu da mari.

Abin da ya kamata a lura da shi

Masu nazarin tarihi suna amfani da hotunan tare da la'akari da yadda aka samar da su. Aikin ya samu goyon bayan fada, kuma manufarsa ita ce nuna girman daular da ci gabanta. Saboda haka an fi ganin coci-coci, kayan tarihi, gadoji da sababbin injina. Yajin aiki, yunwa, cunkoson unguwannin ma'aikata da rikicin siyasar da ya biyo bayan boren 1905 ba su samu wuri ba. Hotunan Mosko da Saint Petersburg kaɗan ne ƙwarai a cikin abin da ya tsira.

Fasahar ma ta taƙaita abin da za a iya ɗauka. Tana buƙatar haske mai yawa da rashin motsi, don haka an fi ɗaukar hotunan a waje, da rana, kuma yawanci ba a lokacin sanyi ba. Natsuwar da ake gani a fuskokin mutane da titunan da babu hayaniya ta samo asali ne daga wannan sharaɗi. Haka kuma bayanan da ke ƙarƙashin hotunan sau da yawa suna ambaton ƙabila ko sana'ar mutum ne ba tare da sunansa ba, musamman a Kaukasus da Turkistan, kamar yadda aka saba a ayyukan hoto na daulolin wancan zamani.

Ficewa daga Rasha da sayar da tarin

Sarki Nikolas na Biyu ya sauka daga mulki a watan Maris 1917, aka kashe shi da iyalinsa a Yekaterinburg a watan Yuli 1918. A cikin 1918 Prokudin-Gorsky ya bar Rasha zuwa Norway, daga nan ya wuce Ingila, sannan ya zauna a Faransa, inda ya buɗe shagon hoto tare da 'ya'yansa. Wani ɓangare na tarin ya iso hannun iyalin a Faransa, bayan an cire hotunan da hukumomi suka ɗauka suna da alaƙa da tsaro. A shekarun 1930 ya riƙa nuna hotunan ga Rashawa 'yan gudun hijira, musamman matasan da suka tashi ba su san ƙasar iyayensu ba. Ya rasu a Paris a ranar 27 ga Satumba, 1944, aka binne shi a maƙabartar Rashawa ta Sainte-Geneviève-des-Bois.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu farantan sun zauna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida a Paris. A 1948 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saye su daga magadansa. Abin da aka saya ya haɗa da farantan gilashi 1,902, da kundayen da Prokudin-Gorsky ya liƙa ƙananan kwafin hotunan baƙi da fari tare da bayanin kowanne. A cikin kundayen akwai hotuna kimanin 700 da farantansu ba sa cikin tarin. Kundayen ne babbar hanyar gane wuri da abin da kowane hoto ya nuna.

Dawo da launi ta kwamfuta

Shekaru da dama tarin bai yaɗu ba, saboda haɗa hotuna ukun da hannu aiki ne mai cin lokaci. An buga wasu a wani littafi a 1980, an kuma yi ƙananan nune-nune. Lamarin ya sauya a shekarar 2000, lokacin da laburaren ya kwafe farantan zuwa kwamfuta. Mai ɗaukar hoto Walter Frankhauser ya haɗa hotuna 122 tare da gyara tabo da daidaita launi, aka nuna su a wani baje koli a Washington a 2001. A 2004 masanin kwamfuta Blaise Agüera y Arcas ya yi amfani da manhaja wajen haɗa dukkan farantan.

Laburaren ya sa hotunan a intanet kyauta, ciki har da ainihin farantan baƙi da fari, don haka kowa na iya haɗa nasa. Wannan ne ya sa ake samun hoto guda da launi daban-daban a wurare daban-daban, gwargwadon gyaran da wanda ya haɗa shi ya yi. A wasu jami'o'i ana ba ɗaliban kimiyyar kwamfuta aikin rubuta manhajar da za ta daidaita hotuna ukun da kanta. Masu bincike a Rasha kuma sun bi sawun tafiye-tafiyen, suka gano wuraren da aka ɗauki hotuna da yawa, suka gyara wasu bayanan da aka yi kuskurensu.

Muhimmanci

Wurare da dama da ke cikin hotunan sun sauya gaba ɗaya. An rushe coci-coci masu yawa a zamanin Tarayyar Sobiyet. Tafkin Rybinsk, wanda aka fara cikawa a 1941, ya shanye ƙauyuka da gidajen ibada a kwarin Volga da Sheksna, kuma sabuwar hanyar ruwa ta Volga zuwa Baltik ta maye gurbin ta Mariinsky a 1964. Gidan ibada na Nilov da ke tafkin Seliger, wanda aka ɗauka a 1910, an rufe shi bayan juyin juya hali, aka tsare fursunonin yaƙi 'yan Poland a cikinsa daga 1939 zuwa 1940, kafin a mayar wa coci da shi daga baya. Masu gyaran gine-ginen tarihi suna duba hotunan don sanin asalin siffa da launin gini, masu nazarin tufafi da sana'o'i kuma suna samun bayanin da rubuce-rubuce ba su kawo ba. Yankunan da hotunan suka shafa yanzu suna cikin ƙasashe da dama, ciki har da Rasha, Belarus, Jojiya, Azarbaijan, Turkiyya, Uzbekistan da Turkmenistan.

Makamantan ayyuka

Kafin Prokudin-Gorsky, gwamnan Rasha a Turkistan, Konstantin von Kaufman, ya sa an haɗa Kundin Turkistan a 1871 zuwa 1872, mai hotuna kimanin 1,200 marasa launi a kan gine-gine, al'ummomi da sana'o'in yankin. A Faransa, attajiri Albert Kahn ya tura masu ɗaukar hoto ƙasashe kusan 50 tsakanin 1909 da 1931, suka tara hotunan Autochrome kimanin 72,000. A Amurka kuma, wata hukumar gwamnati mai tallafa wa manoma ta ɗauki nauyin ɗaukar hotunan rayuwar karkara da ta ma'aikata tsakanin 1935 da 1944, kuma wannan tarin ma yana Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.